Gidan da Ya Daina Gaida Garma

Da sunan Allah nake farawa, mai tsare wanda ya fita da wanda aka bari a gida. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga mahaifinka Mamman Maƙeri a Batsari, zuwa ga ɗana Salisu. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Safana lafiya, ba ciwon kai ba na ƙafa. Na ba mahaifiyarka ta cusa maka ita a ƙasan jaka, na ce kada ta gaya maka, don in ka buɗe ta ka riga ka yi nisa da ni. Ka san halina. Magana takan fito daga bakina da niyyar nasiha, kafin ta kai kunnen mutum ta zama faɗa. Alƙalami kuwa ba ya ɗaga murya. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, ga kuma ido da walda ta cinye rabinsa.

Na ga fuskarka ran da na ce ka haɗa kaya. Ka gama makarantar koyon sana'a, ka dawo kana jiran in miƙa maka maƙera, sai ka ji na ce ka tafi Safana ka yi damina wurin baffanka Iro, ƙanena, mutumin da rabonka da shi tun kana firamare, wanda ba a ambaton sunansa a gidanmu sai in ba na nan. Tuwon da ka bari a kwano ma ya gaya mini. To ka saurara. Maƙera taka ce, ba na ja da wannan. Sai dai abin da ke hannuna yau rumfa ce da injuna. Sanin da ya sa ake ce wa gidanmu gidan garma ba ya nan, yana Safana cikin kan baffanka, kuma ni na kora shi can. In ba ka ɗauko shi a daminar nan ba, sana'ar kakanninka ta ƙare a hannuna, kai kuma ka gaji waldar ƙofa da gadon ƙarfe kamar kowane mai rumfa a bakin titi.

Bari in fara da abin da na tarar. A zamanin kakanka, tun kafin a sami mulkin kai, muna da wata al'ada da ban ji wani gidan maƙera na yi ba, ana ce mata gaida garma. In damina ta zauna, an shiga noman fari, sai kakanka ya sa a kashe wuta, a rataye zugazugi, ya rarraba mu. Shi ya nufi garin Ruma, ni Yasore, Iro kuma ya nufi Babban Duhu, sauran mutanen maƙera kowa da inda aka tura shi. Ba talla muke zuwa ba. Garemani da hauyoyin da muka ƙera da rani muke bi, mu ga yadda suka kwana a hannun masu su. Kakanka ya hana mu tambayar manomi yaya ya ga garma, ya ce amsar ɗaya ce daga nan har Zamfara: lafiya lau, Allah ya yi albarka. Abin da za ka yi, ka yi sallama, ka gaisa, ka tuɓe riga ka ce a ba ka ka taya. In ka yi huɗa da ita ka kai ƙarshen gona ka dawo, bayanka zai gaya maka gaskiya. Sannan ka dubi gefen da bakinta ya fi ci, ka dubi inda aka naɗa tsumma a ƙota, ka saci kallon tafin hannun mai ita. In kuwa ka tarar yana noma da ta wani maƙerin, tamu tana jingine a gindin rumbu, ka sha furarka ka yi godiya, ka riga ka sami abin da ya kawo ka.

In mun dawo sai a shimfiɗa tabarma a zaure, kowa ya zauna, har mai zuga. Ƙarami ke fara magana, don in babba ya fara sauran sai su bi shi da "haka ne." Kakanka ba ya tanka wa kowa sai an gama zagayawa, yana ta murza ƙasar da muka ƙullo masa a tsumma daga gonaki. A zaman nan na san jigawar Yasore ba ta son baki mai nauyi, fakon Babban Duhu yana karya ƙarfen da ya cika tauri, tsakuwar wajen Ruma kuwa tana cinye mai laushi kafin a yi maimai. Abin da mutum ɗaya ya gano, kafin la'asar ya zama na gida duka. Har kakarka tana da nata kason, domin abin da maza suka haɗiye don kunya, matansu na amayar da shi wurin suna da biki, ita kuma ta kawo. Ni a lokacin wahala kawai nake gani a abin. Ina saurayi, ga ƙaya, ga ruwan sama, ga yawo cikin gonakin mutane kamar mai cigiyar akuya.

Tun a lokacin alamar halina ta fito, ban dai gane ba. Kakanka yana cikin na ƙarshe da suka iya narkar da tama a dajin Rugu. Da rani suke shiga, su gina murhun yumɓu mai tsayi, su ƙona gawayin ƙirya, su fito da ƙarfe daga dutse. Wajen shekarar mulkin kai ƙarfen tsofaffin motoci ya cika kasuwa, ya yi arha, ba mai bukatar wannan wahala kuma. Ya ce in zo mu shiga daji sau ɗaya in ga yadda ake yi, ko ba don ciniki ba. Na ce masa duniya ta ci gaba, ni ina da taron siyasa a Katsina. Ya tafi da tsofaffin abokansa, daga wannan bai sake komawa ba. Yau ko taken jam'iyyar da na je yi wa ihu ban riƙe ba. Ba cewa nake da mun koma narkar da tama ba. Amma wanda ya ga yadda ake haihuwar ƙarfe, yana jin lafiyarsa daga ƙararsa a kan uwar maƙera, ni kuwa har na tsufa sai abin da mai sayarwa ya gaya mini. In tsoho ya ce zo ka gani, ka je, ko da kasuwar abin ta mutu. Ba ka san ranar da za ka neme shi ba, kuma tsofaffi ba sa yin tayi sau biyu.

Kakanka ya rasu wajen lokacin da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, maƙera ta dawo hannuna daidai sa'ad da duniya ta buɗe. An fita daga fari, kuɗin fetur ya shigo, kowa yana son shanun huɗa. Muka koma ƙera garmar shanu. Na sayi injin walda da na huda ƙarfe, na yi rumfar kwano, na ɗauki ma'aikata, na fara sa babbar riga ranar da ba Juma'a ba. Sai ga wani ɗan kwangila daga birni, ya sauke wata garma ta ƙasar waje daga bayan motarsa, ya ce in buga masa irinta sak, ko nawa na yi zai kwashe. Damina ta zauna, Iro ya tuna mini lokacin gaida garma ya yi. Na dubi tulin ƙarfen da ke jiran yanka, na ce bana a ɗage. Baɗi ma na ce a ɗage. Babu ranar da na tashi na ce na soke al'adar ubana, ɗagewa kawai na yi ta yi har aka daina tuna mini. In ka zama babba, ka ji tsoron abin da kake ɗagewa fiye da abin da kake hanawa. Lokacin da aiki ya fi yawa, lokacin ne ka fi bukatar sanin ko abin da kake bugawa daidai ne, domin in kuskure ne, shi ma da yawa kake buga shi. Ka kashe wuta ka tafi gona, ko da mai mota yana tsaye yana duba agogo.

Garmar nan ta ƙasar waje, don wasu shanu aka yi ta da ban taɓa gani ba, ƙatti masu ƙoshi rani da damina. Namu kuwa ka san yadda suke fitowa daga rani, haƙarƙari a waje, a haka za a ɗora musu itacen wuya da ruwan fari. Ban kawo wannan a raina ba, don ba wanda ya dawo mini da garma ko ɗaya. Har alfahari nake yi da haka a kasuwa. Akwai Malam Ja'e, wani Bafulatani na Babban Duhu mai kiwo da noma, aminin kakanka. Ya sayi garmata. Ranar kasuwa yakan biyo ya gaishe ni, wani lokaci da ɗan man shanu a ƙoƙo. In na ce yaya garma, sai ya sunkuyar da kai ya ce madalla, Allah ya ƙara buɗi, ni kuwa in washe baki. Na manta tambayar ce kakanka ya hana mu yi. Na manta mutumin da ko yunwa ba ya faɗa a gidan wani ba zai dubi ɗan amininsa ya ce aikinka ya ɓaci ba. Sai can daga baya na ji ashe wuyan bijiminsa guda ya sale har ya yi gyambo, dole ya kai shi wurin mahauta tsakiyar damina, ya ƙarasa huɗar shekarar da hannu shi da 'ya'yansa. Garmar kuwa tana bayan ruga ana ɗaure maraƙi a jikinta. Da na ji, na tare shi a kasuwa da zafina, na ce don me bai gaya mini ba. Ya dubi sandarsa, ya ce, "Ai ubanka ba a faɗa mashi, zuwa yake yi." Na sayi goro na ba shi.

Kuma ba wai labari bai zo gida ba tun da wuri. Mahaifiyarka ta je suna Yasore, ta dawo ta same ni ina cin abinci, ta ce ko na san sunan da matan can suka laƙaba wa garmarmu. Wai Karya-bijimi, har yara na waƙa da shi a dandali. Na ture kwano na ce mata maganar ƙarfe ba ta masu tuƙa tuwo ba ce, hassadar maƙeran ƙauye ce kawai. Ta ce Allah ya ba ni haƙuri, ta kwashe kwanukanta. Daga ranar ba ta ƙara kawo mini labarin waje ba, ko rasuwa aka yi sai dai in ji a masallaci. Ɗana, mutanenmu ba sa kawo ƙara, ƙafa suke ɗaukewa. Kada ka ɗauki madalla a bakin yabo. Wanda ya zo ya zazzage maka faɗa kan aikinka, ka ba shi tabarma da ruwan sanyi, ya fi masu gaisuwa amfani a gare ka. In kuma Allah ya sa ka yi aure, abin da matarka ta jiyo a taron mata ka saurare shi da kunne biyu, don can ne ake faɗin gaskiyar kayanmu.

Kuskure na gaba tsoro ne ya haife shi. A shekarun nan duk wanda ya iya riƙe walda sai ya kafa tasa rumfar. Na ce ni ba za a yi mini haka ba. Sai na yanka aikin gunduwa-gunduwa kamar naman watanda: wannan yanka kawai, wannan lanƙwasa, wannan huda, wancan haɗawa. Mai yanka bai san dalilin faɗin da yake yankawa ba, mai haɗawa bai taɓa ganin garma cikin ƙasa ba. Ma'aunan kwano da muke ɗorawa mu zana kunnuwan garma na kulle su a akwati, ni kaɗai ke fiddawa. Gani nake na yi wayo. Wata kaka zazzaɓi ya kwantar da ni, aiki ya tsaya cak, ƙatti majiya ƙarfi suna zaune suna dara suna jiran mai makulli ya warke. Kuma wayon nawa bai hana su tafiya ba. Sun tafi ɗin, sai dai da rabin sani, suna ƙera abin kunya suna cewa a gidanmu suka koya.

Ga kuma faɗa. Duk wanda ya ɓata ƙarfe sai na tara mutane na wanke shi tas, har in tuna masa ƙauyensu. Ba a jima ba aka daina ɓata ƙarfe a maƙerata, na ce lallai horo ya yi rana. Wata damina ruwa ya zaftare gefen kududdufin bayan rumfa, sai ga bakunan garma fasassu da kunnuwa karkatattu suna leƙowa daga laka, tuli guda. Ashe binnewa suke yi. Na tsuguna ina jujjuya su, na ga yawancinsu wuri ɗaya suka tsage, kusa da ramin noti. Da tun na farko an nuna mini, da mun gane ƙarfen da ake kawo mana ne ya canza, ba hannun ma'aikata ba. A zamanin kakanka, abin da ya lalace tsakiyar tabarma ake ajiye shi, a yi ta juya shi har a gano abin da ya kashe shi, mai ɓarnar ma shi ke fara bayani ba tare da gabansa ya faɗi ba. Ka maido da wannan. Ka koya wa kowa garma tun daga yanka har gona, ka rataye ma'auni inda hannun kowa zai kai. Mai tafiya ya tafi da cikakken sani, ai sunan gidanku ne ya ɗauka. Wanda kuma ya kawo maka ɓarnarsa da hannunsa, ka haɗiye abin da ya taso maka ka gode masa. Na faɗi haka ne don na san ka gado zuciyata, ina ganin yadda kake yi wa ƙannenka.

Yanzu na zo kan baffanka, kuma nan ne alƙalamin ke yi mini nauyi. Iro bai taɓa daina gaida garma ba. Da na hana a kashe wuta, sai ya riƙa sulalewa shi kaɗai a kan kekensa, ni kuma in yi ta mita ina cewa yawonsa ya yi yawa. Ba mai yawan magana ba ne, in zai faɗi abu sai ya yi ta kewaye kamar mai neman mashigin rafi, ni kuwa ba ni da haƙurin jira. Wata ranar kasuwa ɗan kwangilar nan ya zo da baƙi. Na shimfiɗa musu darduma, aka kawo lemo da tsire, ina ta nuna musu injuna. Sai ga Iro ya shigo da laka har gwiwa, ya ɗauro wata garmarmu a bayan keke, daga Babban Duhu yake. Ya sauke ta gaban baƙi, ya gaishe su, ya tsuguna, ya ɗora yatsa a wani wuri tsakanin sarƙa da taya.

Ya ce, "Yaya, na gano abin da ke kashe shanun mutane. Ba nauyinta ba ne kaɗai. In ta shiga fako, wurin ga ne ke..."

Na ga baƙi sun dubi juna. Kunya ta rufe ni, nan take ta juye ta zama fushi. Na ce, "Iro, in tausayin shanu ke damunka, ga hanyar ruga nan, ka je ka yi kiwo. Nan maƙera ce, kuma mai ita bai mutu ba."

Baƙi suka yi dariya, ma'aikata suka sunkuyar da kai. Iro ya janye yatsansa, ya ce, "To, Yaya." Ya tashi ya je ya wanke ƙafarsa. Bayan sallar layya ya kwashi iyalinsa da ƙaramar uwar maƙerarsa ya koma Safana, garin surukansa. Bai yi faɗa ba, bai nemi rabon gado ba, har sallama ya yi mini. Ni kuma na ce ya gaida mutanen can, kamar wanda zai je kasuwa ya dawo da yamma.

Abin da ya biyo baya ka gan shi da idonka. Kuɗin fetur ya ja baya, aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, ɗan kwangila ya koma cinikin shinkafa, ko sallama bai yi mini ba. Na waiwaya in nemi manoman da kakanka ya bar mini, na tarar sun bi Iro. Shi da ke ƙira da zugazugin fata, 'yan kaɗan yake fitarwa a rani, mutum sai ya jira shekara kafin ya sami tasa, kuma ya jira ɗin. Na yi ta taɓa wurin nan da ya ɗora yatsa. Na ɗaga, na sauke, na gajarta, na ƙara rami. Wani gyaran ya rage ɓarna, wani ya ƙara ta. Bari ma in gaya maka abin da ko mahaifiyarka ba ta sani ba. Na aiki wani ya sayo mini garmar Iro a ɓoye daga hannun wani manomi, na kwance ta, na auna komai, na buga irinta sak. Na kai ta Yasore, ta ƙi. Ashe waccan ya yi ta ne don gonar mutumin da tsayin shanunsa, har da ɗingishin mai riƙe ta. Safana ba Makka ba ce, mota na zuwa kullum, amma na gwammace in tura ɗan aike da in je in ce wa ƙanena ya ƙarasa maganarsa. Ka ga girman kai bai hana ni sata ba, tambaya kawai ya hana ni. In na ƙasa da kai ya buɗe baki zai faɗi aibin aikinka, ko gaban wa ne, ka bar shi ya kai aya. Kunyar yini ɗaya ce. Baƙin da na ji kunyarsu ran nan, ba wanda na sake gani a cikinsu.

Kai ma ban ƙyale ka ba. Hutun da ka zo ka ce in riƙa sa gilashi in zan yi walda, ka kuma kawo shawarar a riƙa zana kowace garma a takarda da sunan ƙauyen da aka yi wa ita, na ce boko ya fara taɓa ka. Ga idon nan yanzu yana ba ka gaskiya. Don haka kada ka je Safana ka zubar da abin da ka koyo wai don ladabi. Baffanka ya san ƙasa da shanu, kai ka san zane da awo da halin ƙarfen zamani, gidan kuwa duka biyun yake bukata. Amma ka fara da zuga. Ka ɗauki jakarsa, ka bi shi gona, ka tuɓe rigar 'yan makaranta ka kama garma. In kun sauka a ruga, ka gaisa har gaisuwa ta ƙare, ka sha abin da aka ba ka, kada ka tambayi kowa yawan shanunsa. Ka zana abin da zai zanu, rakodar nan taka ma ka yi aiki da ita in ya yarda. Sai dai ka sani, yawancin abin da baffanka ya sani shi kansa bai san ya sani ba, sai ya ga ƙasa na juyawa a bakin garma yake fitowa. Kuma duk abin da ka samo, kada ka yi irin tawa ka kulle a akwati. In ka dawo da kaka ka shimfiɗa tabarma, ka tara 'yan ma'aikatan da suka rage mana, ka juye musu duka, ka bar ƙaraminsu ya fara tambaya.

Saura dalilin gaggawa, don na san kana cewa me zai hana a bari sai baɗi. Makon jiya da na ce muku zan je sayen ƙarfe, ƙarya na yi, Safana na je. Labari ne ya iske ni cewa ciwo ya kwantar da baffanka da rani, ya tashi amma ba duka ba. Na same shi zaune a bakin maƙerarsa, wuta a kashe. Ya gane ni tun daga nesa, ya yunƙura zai tashi, na riƙe shi. Muka yi ta gaisawa, irin gaisuwar mutanen da ke tsoron abin da zai biyo bayanta. Da ta ƙare na ce na zo neman gafara. Ya ce shi bai riƙe ni da komai ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na yi kuka, Salisu, gaban matarsa da jikokinsa, kuma ban ji kunyar gaya maka ba.

Da na natsu na tambaye shi cikin 'ya'yansa wa ya koya wa aikin. Ya ce babu. Babban yana tuƙin tanka a kudu, ƙaramin ya kama aikin ofis, shi kuma bai tsare su ba don rabin maƙera ba ta riƙe ɗa. Sannan ya ce, "Ai abin na gida ne, Yaya. Na aje shi sai ka zo."

Ashe duk shekarun nan jirana yake yi. Na matso kusa, na ce to ga ni, ya ƙarasa mini maganar ran nan, ta wurin sarƙa da taya. Fuskarsa ta yi haske, ya ɗaga yatsa, ya buɗe baki. Sai ya tsaya. Ya dubi yatsan, ya dube ni, ya ce, "Mi muke cewa?" Can kuma ya tambaye ni ko Baba ya dawo daga Ruma. Kakanka yake nufi, wanda ni da shi muka saka a kabari da hannunmu.

Matarsa ta ja ni gefe ta ce haka yake tun ciwon, a gida magana na kuɓuce masa. Amma da aka yi ruwan fari, wani manomi ya ɗauke shi a babur ya kai shi gona. Ta ce yana ganin shanu sun ja, sai ga Iro na da, yana nuna wannan yana gyara wancan, bai yi tuntuɓen kalma ɗaya ba har aka kwance shanu. A asibiti an gaya musu abin ƙaruwa zai yi, ba raguwa ba. Ni kuwa ko na bi shi gona, idona ba ya raba bakin garma da ƙasa, ko ya nuna mini ba zan gani ba. Na makara ta kowace fuska, kuma baƙin cikin wannan ba zai bar ni ba har in koma ga Allah. Shi ya sa kai, shi ya sa bana.

Abu ɗaya ya rage, kuma roƙo ne, ba umarni ba. Kowa na cewa ka ɗebo kamannina da muryata lokacin da nake kamarka. Na gaya wa baffanka zan turo ka, ya yi murna, amma kafin in tashi ya manta. Wataƙila wata rana kuna tsakiyar gona ya juyo ya ce maka Yaya. Kada ka gyara masa. Ka amsa, ka tsuguna kusa da shi, ka dubi inda ya ɗora yatsa. Ko zai yi ta kewaye har rana ta faɗi, kada ka katse shi.

Allah ya tsare mini kai daga sharrin hanya, da na wuta da ƙarfe, da abin da ke ɓoye cikin ciyawar gona. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka haƙurin da na rasa, ya dawo mana da kai lafiya. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Ka gaida baffanka da iyalinsa duka, ka ce masa yayansa na gaishe shi, ko da zai manta kafin ka rufe baki. Allah ya ara masa kwana da hankali har ya kai ƙarshen maganarsa. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Mamman Maƙeri, Batsari.